Yadda Haladu Ya Haura Katangar Ƙasar Ƙanƙara

Wani mutum ne a Gumel, Haladu mai wankin hula. Sana'arsa kam ba a raina ta: in ya wanke hula ya sa mata sitaci, sai ta tsaya ƙyam a ka kamar an dasa. Amma bakinsa ya fi hannunsa aiki nesa ba kusa ba. In ka ce ka taɓa zuwa Legas, shi a can aka yanke masa cibiya. In ka ce zazzaɓi ya kayar da kai, shi zazzaɓi in ya hango shi sauya hanya yake yi. Babban abin taƙamarsa kuwa, wai tun da aka haife shi ba a taɓa cin kuɗinsa a banza ba.

"Ni Haladu," yakan ce yana dukan ƙirji, "ko sauro ya sha jinina sai ya bar canji."

To, akwai wani wasan yaƙi na cikin waya da ya shiga kan mazan unguwar. Ba yara ba fa, magidanta masu gemu, masu bakunan ciyarwa a gida. Da an sallame la'asar sai su yi dandazo a teburin Tanimu mai shayi, kowa ya kifa kai a waya, suna harbin mutanen da ba su taɓa gani ba, wani yana Kano wani yana bangon duniya. Shekara biyu suna yi kyauta, in ka ɗebe data da suke ƙonawa kamar karan dawa.

Rannan aka wayi gari sai ga wata ƙatuwar ƙofa ta fito a cikin wasan, an garƙame ta da kwaɗo. Bayanta wai sabuwar ƙasa ce, Ƙasar Ƙanƙara, da sababbin bindigogi da dawakai masu fiffike. Mai son shiga ya ajiye naira dubu tara.

Teburi ya kaure.

"Zalunci ne tsagwaronsa!" in ji Tanimu, yana fifita gawayi kamar shi ya yi masa laifi. "Sun lasa mana zaƙi shekara biyu, da suka ga mun kamu sai suka sa kwaɗo. Gobe mai kuɗi ya shiga ya ɗauko bindigar ƙanƙara ya dawo ya karkashe mu. Wannan wasa ne ko kasuwa?"

Malam Sabi'u, malamin firamare, shi kaɗai ne mai karanta Turanci a cikinsu. Ya gyara tabarau ya ce, "A yi adalci, Tanimu. Mutane ne suka zauna suka zana dawakan nan. Suna da mata, suna da 'ya'ya. Iska za su ci?"

"To su sa kuɗi daidai aljihun mutane mana! Dubu taran nan a wurin Bature kuɗin biskit ne, ni kuwa cefanen kwana uku. Ni in mutum ya sayi shayina, ina ce masa madara sai ya biya daban?"

"Kana cewa mana!" jama'a suka amsa baki ɗaya. "Har ƙwai ma daban!"

Aka fashe da dariya. Tanimu ya sha mur ya ci gaba da fifita.

Duk wannan Haladu yana gefe yana karkaɗa ƙafa. Sai da aka lafa ya yi gyaran murya.

"Ku duka tausayi kuke ba ni. Wannan yana kuka, wancan yana lalubar aljihu. Mai basira ba ya bi ta ƙofa. Ku ba ni zuwa gobe, ku ga ni cikin ƙanƙara tsundum, ko sisi ban ba ɓarayin kamfanin nan ba."

Baki ya riga ya furta. Da ya koma shago ya latsa nan ya latsa can, kwaɗo ko gezau. Washegari da hantsi ya hau babur ɗinsa, ya zagaya ta bayan gari don kada a gan shi, ya tsaya can bakin tasha a rumfar wata mai cire kuɗi, Uwani, wadda ba ta san kowa a unguwarsu ba. Ya ƙirga dubu tara yana jin kamar haƙoransa ake zarewa. Ta biya masa da katinta. Kwaɗo ya ce ƙwaras, ƙofa ta buɗe.

Da la'asar ya ajiye waya a tsakiyar teburin Tanimu. Ga mutuminsa na cikin wasa bisa farin doki mai fiffike, ƙanƙara tana zubo masa yaf-yaf.

"Kai! Ta ina ka shiga?"

"Ta katanga."

"Wace katangar?"

"Wadda ido irin naku ba ya gani."

Tanimu ya dube shi sama da ƙasa. Ya goge hannu a riga, ya zaro tasa wayar ya dire.

"In ka cika, haurar da ni."

Haladu ya so ya zille. Amma ga idanu sun yi masa caa. Ya karɓi wayar yana jujjuyawa kamar mai duba kaza a kasuwa.

"Taka tsohuwa ce, katangarta ta fi tsawo. Rubuto min lambarka ta wasa. Gobe war haka."

Da safe sai ga shi wurin Uwani, gumi sharkaf. Ta duba wayarsa ta ce ai da sauƙi, daga cikin wasansa ana iya saya wa wani kyauta in an san lambarsa, har akwai wurin da ake latsawa a ɓoye sunan mai bayarwa.

"Ɓoye shi!" in ji Haladu. "Binne shi ma in ana binnewa!"

Wata dubu taran ta tafi.

Amma Haladu ba zai yi abu shiru ba. Da yamma ya zo da katakon nan da yake ɗora hula a kai ta bushe, da wata tsohuwar hula zanna. Ya sa Tanimu ya kashe waya. Ya ɗora ta bisa katako ya kife da hula, ya ƙwanƙwasa sau uku, ƙwas, ƙwas, ƙwas, yana motsa leɓe. Ya ce a kunna.

Aka kunna. Kwaɗo babu.

Wurin ya ɗauki ihu. Tanimu da ya fi kowa taurin kai ya haɗa masa shayi mai kauri da ƙwai huɗu, ya ce ko kwabo kada ya bayar. Daga ranar sunan Haladu ya ɓace, sai Injiniya. Kansa ya kumbura har hular kansa ta fara matse shi.

Washegari kafin ya buɗe shago mutum biyar suna tsaye, kowa da 'yar takarda mai lamba.

Nan ne mai hankali zai ce hanya ta toshe, a huta. Haladu ya buɗe baki zai faɗa, sai wani ya ce, "Injiniya, ai a Haɗeja ma an ji labarinka." Shi ke nan. Ya karɓe takardu.

Ya dai gwada dabara. A teburi ya ce aikin yana cin ƙwaƙwalwa, kowa ya riƙa kawo ko dubu biyu na goro.

"A'a, Injiniya!" in ji Tanimu. "Kai da ka ce biya aikin sakarkaru ne? In ka karɓi kuɗi ai ka zama kamfani."

"Gwada ku nake yi," Haladu ya ce da sauri, yana dariyar da ba ta wuce leɓe ba. "Ni da kuɗin talaka? Allah ya kiyaye."

Malam Sabi'u kaɗai ya ƙi kawo lamba. Ya ce shi ba ya haura katangar kowa, ko ta cikin waya ce. Ya jira albashi ya sayi tasa da guminsa. Haladu ya mai da shi abin tsokana: "Ga mai ciyar da 'ya'yan Turawa nan ya iso, ku ba shi wuri!"

Abin da ke cikin asusu ya ƙare tas a kwana huɗu. Tunkiyar da ake kiwo a gida ta bi. Matarsa Dije ta fito da dusa ta tarar da turke wayam.

"Malam, ina tunkiya?"

"Na kai ta ƙauye ta sha iska."

"Tunkiyar ce take shan iska?"

"Ke ba ki san kiwon zamani ba."

Janareta ya bi tunkiya shan iska. Daga nan sai babur. Aka fara ganin Injiniya yana taka sayyada zuwa tasha da tsakar rana, ƙura har gwiwa. Duk wanda ya tambaya sai ya ce likita ne ya ce ya riƙa motsa jini. Ita kuwa Uwani har kujera ta saya masa mai jingina, da ya ɓullo sai ta aika a kawo lemo mai sanyi. Hulunan mutane suka taru a shago ba wanki, shi yana can yana ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ya rame, wuya ya yi tsawo, amma da an ce "Injiniya!" sai ƙirji ya buɗe.

Ana nan sai mazan unguwar tsallake suka aiko da goron gasa. Aka sa ranar Juma'a bayan an sauko, a gidan kallon ƙwallo, inda za a haɗa waya da babbar talabijin kowa ya gani. Wayar wa za a haɗa? Ai ba tambaya. Ta Injiniya.

Ranar gida ya cika maƙil, har da masu leƙe ta taga. Haladu ya sha farar shadda, ya kafa hula, ya zauna a bencin gaba ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Kafin a fara sai da ya yi jawabi.

"Jama'a, duk wanda kuka gani cikin ƙanƙara a unguwarmu, ni na haurar da shi. Kamfanin nan in suka ji sunana zawo suke yi. Ko sisina ba su taɓa gani ba, ba kuma za su gani ba har a busa ƙaho!"

Aka yi tafi raf-raf-raf. Aka haɗa waya. Ashe ranar ce ƙarshen wata.

Wasa yana buɗewa sai talabijin ta yi fari fat. Kakaki ya tashi, tuuu-tuuu! Wuta mai launi-launi ta riƙa fashewa, tas, tas, tas. Sai ga wata ƙatuwar hular sarauta ta zinariya tana saukowa daga sama a hankali, ta zauna daram a kan mutumin Haladu. Rubutun Turanci ya cika allo.

Haladu bai san ko harafi ɗaya ba, amma ya san zinariya in ya gan ta. Ya miƙe tsaye.

"Kun gani? Sun sallama! Sun naɗa ni da kansu! Ina Malam Sabi'u? Zo ka karanta wa jama'a."

Malam Sabi'u ya matso ya gyara tabarau. Ya karanta a zuci. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar ya sake karantawa. Sannan ya sunkuya daidai kunnen Haladu.

"Malam Haladu, bari sai an watse."

"A'a! Yanzu!"

"Don girman Allah ka bari."

"Kun ji hassada ko? Shi ya biya dubu tara ko hular kwali ba a ba shi ba! A ba shi lasifika. Karanta da ƙarfi, kada ka tsallake ko ɗigo!"

Aka miƙa masa lasifika. Malam Sabi'u ya yi ajiyar zuciya.

"To. Sun ce: Kamfani yana miƙa godiya ta musamman ga babban mai sayayyarsa na wannan wata. Ya sayi Ƙasar Ƙanƙara sau talatin da ɗaya, ɗaya tasa, talatin kyauta ga abokansa. Sun ce da irinsa kamfani yake tsaye. Sun ce Allah ya ƙaro musu irinsa... to, wannan ni na ƙara."

Jama'a suka dubi juna.

Daga baya can wani ya ce, "Talatin da ɗaya?"

Tanimu ya miƙe a hankali, baki buɗe. "Injiniya. Wato duk ƙwas-ƙwas ɗin nan..."

"Babur ne!" wani ya ƙwala. "Wallahi babur ɗinsa muke hawa a cikin ƙanƙara!"

Gida ya fashe. Wani ya faɗo daga benci yana riƙe ciki. Mazan tsallake suna ta bubbuga bango, masu leƙen taga suna miƙa labari waje. Tanimu hawaye shaɓe-shaɓe yana cewa, "Ƙwaina huɗu! Ashe babban kwastoma na ciyar!"

Haladu ya yi tsamo-tsamo. Ya dubi ƙofa, jama'a sun toshe. Ya dubi talabijin, ga mutuminsa yana ta ɗaga wa jama'a hannu, hula tana walƙiya wal-wal. Ya latsa nan, tana nan. Ya latsa can, tana nan. Ya kashe waya ya kunna, kakaki ya sake tashi, tuuu-tuuu!

Ya jawo hannun rigar Malam Sabi'u, murya ƙasa-ƙasa kamar ta marar lafiya. Ya manta lasifika tana hannun malam a kunne.

"Malam, don Allah duba min. Ana cire ta?"

Malam Sabi'u ya duba ƙasan allo, ya bi ƙananan rubutun da yatsa.

"Sun ce shekara guda za ta yi a kanka, duk wanda ya shiga wasa zai gani. Amma ana cirewa."

"Alhamdu lillahi! Ina ake latsawa?"

"Dubu huɗu ne."