Tarwadar da Na Kai Gidan Surukai

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa zai kwashe mini komai, da ranar da na ɗauki laifina da hannuna na zuba a bokiti, na ɗaure a bayan babur, na kai wa mai hukunci har zaurensa ina washe baki.

Lokacin ina koyarwa a wata firamare a Malumfashi, kuma ban daɗe da koyon jefa fatsa ba. Abokina Chinedu ne ya koya mini, mai sayar da kayan babur a bakin kasuwa, haifaffen garin, wanda Hausarsa ta fi tawa gishiri. Duk Asabar sai mu tafi dam ɗin bayan gari da gorarmu da gwangwanin tana. Shi Chinedu yana da lasin kamun kifi, har leda ya sa aka manne masa, kullum yana aljihun gaba kamar hoton budurwa. Ni kuwa na ce ruwan Allah, kifin Allah, tanar ma ni na tono a bayan gidanmu, to takardar mece ce kuma?

"Malam, ka je ka yanka," haka yake ce mini. "Mutumin nan na sakatariya ba ya da wasa. Ko ƙanen uwarsa ya kama sai ya biya tara."

Ni dai sai in ce ya bari mu haɗu tukuna. (Allah Ya ji ni, kuma Ya amsa.)

A wannan shekarar ne nake neman Rakiya, 'yar garin Dayi, wadda muka haɗu da ita wajen wani kwas na malamai. Duk abin da na sani game da mahaifinta, Malam Sada, shi ne yana aiki a sakatariya, ɓangaren noma. Da na ji noma sai na ƙaddara rabon taki ne, ban ƙara tambaya ba. Wata Laraba ta kira ni ta ce Baba ya ce in zo ranar Asabar da hantsi yana son ganina. Ta ce akwai wani ɗan abokinsa da shi ma ya fito, don haka daga wannan zaman ne zai san wanda zai ce wa ya turo magabata. Kwana uku ban ci abincin kirki ba.

Sai wata dabara ta faɗo mini. Kowa da ledar kanti yake zuwa gaisuwa, ni zan kai abin da na kama da hannuna, a san yarinya ba za ta kwana da yunwa ba. Na je wa Chinedu da maganar, ya ajiye sifanar da ke hannunsa ya dube ni. Ya ce damina ta faɗi, kifi na ƙwai, an rufe kamu har sai an sanar, shi da ke da lasin ma ya rataye gorarsa. Na ce masa tsoro ne kawai irin na ɗan kasuwa.

Ranar Asabar, ana idar da sallar asuba na nufi dam ni kaɗai. Ba kowa a bakin ruwa, na ce yau kasuwa tawa ce. Rana ba ta gama fitowa ba fatsata ta yi nauyi, na yi ta kokawa har na jawo wata tarwada mai tsawon hannuna, cikinta ya yi tulu. Na ce kai, wannan ta ci ta ƙoshi, kitse ne. Na sa ta a bokiti da ruwa don ta isa da ranta, na koma gida na yi wanka, na zuba farar shaddata mai sitaci, na kama hanyar Dayi ruwan bokiti yana fallatsa mini a baya.

Na tarar da Malam Sada a zaure, siririn dattijo mai farin gilashi, tare da wani tsoho baƙi ƙaƙƙarfa da ya miƙe ƙafa a tabarma. Na tuɓe takalmi, na durƙusa, na gaishe su kaina a ƙasa. Har nan dai komai lafiya. Sannan na jawo bokiti na ce ga ɗan abin miya a shigar wa Hajiya.

Malam Sada ya leƙa. Ya naɗe hannun riga, ya kama tarwadar ta bayan kai irin kamun wanda ya saba, ya juya cikinta sama, ya nuna wa tsohon. Suka dubi juna.

"Masha Allah. A kasuwa ka saya?"

Ga ƙofar tsira an buɗe mini, amma neman suna ya rufe mini ido. Na ce, "A'a Baba, ni na kama da fatsata, yau da safe, a dam."

"Yau da safe. To ba an ce an rufe ruwa ba?"

Ni mutum ne da idan na tsorata bakina ba ya tsayawa. Maimakon in yi shiru kamar kowane mai neman aure, sai na gyara zama na ce ai Baba magana ce kawai. Na ce wata shida ina jefa fatsa a wurin ko lasin ban taɓa yanka ba. Na ce wai akwai wani malamin kifi da ake ta tsoro, amma ni ban taɓa sa shi a ido ba, ina jin yana ofis yana gyangyaɗi. Har da 'yar dariya na yi, ina jiran a taya ni.

Tsohon nan ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Malam Sada ya mayar da kifin cikin ruwa a hankali, ya goge hannu, ya ce, "To alhamdu lillahi, yau ka gan shi. Wannan kuma Sarkin Ruwa ne."

Jama'a, na nemi ƙasa ta tsage in shige, ƙasa ta ƙi. Gumi ya karyo mini har sitacin shaddar ya saki. Daga bayan ƙofar cikin gida na ji an saki faranti ya faɗi, na kuma san ko wace ce ta sake shi.

Abin da ya fi kashe mini jiki, mutumin nan bai ɗaga murya ba. Ya ce in matso. Ya ce abin da na ɗauka kitse ƙwai ne, dubbai, kifin da masunta za su ci da iyalinsu baɗi ne nake shirin zubawa a tukunya ɗaya. Ya ce shekarun baya sai da dam ɗin ya kusa zama ruwa zalla, saboda masu jan gidan sauro a madadin raga suna kwashe har 'ya'yan da ba su kai ɗan yatsa ba. Da kuɗin lasin ake sayo ƙananan kifi a zuba, da takardar kuma ake sanin masu shiga ruwa, a iya tara su a ce yau a dakata. Ya ce Sarkin Ruwa da ke zaune, wanda ya gaji ruwan nan kaka da kakanni, shi ne farkon mai yanka kowace shekara. Na zo a matsayin malami, aka zaunar da ni aji ɗaya.

Sannan ya miƙe ya ce mu je mu mai da tarwadar ruwa tun tana da sauran ƙarfi. Shi ya ja babur ɗina, ni a baya rungume da bokiti, Sarkin Ruwa na bin mu a nasa. Duk majalisar da muka wuce sai an ɗaga hannu an ce, "Malam, an yi kamu ke nan?" shi kuma ya ce, "An yi." A bakin dam ya sa na shiga ruwa har gwiwa da farar shaddata na karkata bokitin. Ta ɗan tsaya, ta kaɗa jela, ta tafi abinta ko waiwaye.

"Litinin ƙarfe tara, a ofis," in ji Malam Sada. Maganar Rakiya ko kalma ɗaya bai yi ba.

Na koma gida na tabbatar aure ya bi ruwa. Chinedu ya yi dariya har ya zauna a kan taya, sannan ya ce akwai wani Alhaji da Malam Sada ke jin nauyinsa, mu je ya sa baki a yafe tarar. Na ce a'a, kunyar da na sha ta isa, ba zan ƙara da ta roƙo ba. Litinin na nemi izini a makaranta na je na bi layi bayan masunta biyu da aka ƙwace wa raga. Da layi ya zo kaina Malam Sada ya tambayi sunana kamar bai taɓa ganina ba. Na biya tara, na yanki lasin, ya buga hatimi ya ce, "Na gaba."

Bayan kwana biyu Rakiya ta kira. Ta ce Baba ya ce in turo. Wai ya ce yaron akwai surutu, akwai wauta, amma da aka tambaye shi bai yi ƙarya ba, kuma bai turo kowa roƙo ba, ya zo da ƙafarsa. Ya ce wauta tana jin magani.

Yau 'ya'yanmu uku da Rakiya, Baba kuma ya yi ritaya, amma duk farkon shekara idan na je gaishe shi, kafin ya tambayi jikokinsa sai ya miƙo hannu, ni kuma in zaro sabon lasin in ba shi ya duba da gilashinsa. Na ga ma'aikata da yawa, ban ga wanda ya riƙe amanar abin da ba ya magana kamar mutumin nan ba. Ni dai abin da na koya shi ne, kafin ka zaɓi tsarabar gidan surukai, ka tambayi aikin maigidan dalla-dalla. In kuwa har ka kai, aka tambaye ka inda ka samo, ka faɗi gaskiya, amma don Allah ka tsaya a nan.