Ranar Da Na Kori Warin Gwamnati

Ko na manta komai a rayuwata, ba zan taɓa mantawa da wata Laraba a Anacha ba, ranar da tsabta ta kusa jawo wa unguwarmu asara. Lokacin ba mu daɗe da komawa garin ba bayan yaƙin basasa, mun sake kafa rumfunanmu kusa da Head Bridge, wato bakin babbar gadar kogi, shanu sun ci gaba da sauka daga Arewa. Ni ne sakataren ƙungiyar mahauta, ba don na iya riƙe wuƙa ba, sai don na ɗan taɓa sakandare kuma ina da biro uku a aljihun gaba (biyu ba sa rubutu, amma wa ya sani?).

Zamani ne na kuɗin mai, kowa bakinsa fetur da kananzir. A cikin wannan yanayi wasu masu hangen nesa a gwamnati suka ce a gwada samar da gas na girki daga kashin shanu. Har gobe ina jinjina musu. Tsarin kuwa mai sauƙi ne: gwamnati ta kawo siminti da bututu da injiniya, mu kuma mu kawo ƙarfi da kashi, wanda dama ya yi mana yawa a mayanka. Idan gwajin ya kama wuta a gaban babban jami'in da zai zo daga Inugu, zai sa hannu a gina wasu, har da na matan da ke sayar da abinci, waɗanda hayaƙin ɗanyen icce ya gama cinye musu idanu. Idan bai kama ba, a kai shirin wani gari.

Wanda aka turo mana shi ne Injiniya Obiora, Inyamuri haifaffen Kano, Hausa a bakinsa ta fi tawa daɗi. Mutumin nan ba ya ƙyama. Da hannunsa yake dama kashi da ruwa, yana raha da leburori. Ya gina rami da bulo, ya kifa masa wata ƙatuwar gangar ƙarfe mai famfo a ka, ya ja bututu zuwa murhu a cikin rumfa. Da dattawa suka fara ƙunƙunin ko abincin da aka dafa da wannan abu zai ciwu, bai yi gardama ba, sai ya cire takalmi ya je gaban limaminmu.

"Allah gafarta Malam, ni aikin hannu na sani. Hukuncin naku ne."

Liman ya ce kashin dabbar da ake cin namanta ba najasa ba ne, balle wutar da ta fito daga gare shi. Magana ta ƙare a nan.

Sau nawa Injiniya ya tsaya yana yi mana bayanin yadda abin yake aiki? Ya fi a ƙirga. Ni kuwa ina gefensa ina gyaɗa kai kamar ƙadangare, ina cewa "haka ne, haka ne," don jama'a su ga ni da shi muka fahimci juna. Gaskiyar magana, ban taɓa ganin gas ba. A kaina wani ruwa ne irin kananzir da ke kwance a ƙasan ramin, ɗan warin ruɓaɓɓen ƙwai da ake ji kusa da gangar kuma datti ne da ke taruwa a sama. Girman kai ya hana ni tambaya. Makonni suka wuce, gangar tana ta ɗagowa sama, Injiniya yana shafa ta yana murna, ni ma ina taya shi ba tare da sanin dalili ba.

Ranar Larabar, Injiniya ya tafi bakin hanya taryen baƙo, ya ce mini, "Sakatare, amanar wuri tana hannunka." To, kun san mu da baƙo. Na sa aka share fili, aka yayyafa ruwa, aka shimfiɗa tabarmi, aka jera kujerun aro. Komai ya yi tsaf, sai wannan ɗan warin. Na ce a raina, yanzu babban mutum zai taso tun daga Inugu ya tafi yana cewa Hausawa ƙazamai ne? Ba a gabana ba. Na tattare babbar rigata, na hau, na murɗe famfon nan har ƙarshe.

Wani huci ya taso, wari ya turnuƙe wurin. Na ji daɗi ƙwarai, na ce ga shi yana fita. Har faifai na ara ina fifita shi ya bi iskar kogi. Gangar ta yi ta sauka a hankali har ta zauna daram, na ce madalla, yanzu ma ta fi kyan gani. Na rufe famfo, na wanke hannu. (Na so in kunna turaren wuta a wurin tun da farko, Allah ya sa mai kawo garwashin ya makara. Da yanzu wani ne yake ba ku wannan labari.)

Baƙo ya iso da hantsi cikin doguwar mota, da kwat da tabarau. Sarkin Fawa, shugaban mahautanmu, ya miƙe ya yi maraba, ya gode wa gwamnati, sannan ya nuna ni, duk da Hausar da baƙo ba ya ji.

"Ranka ya daɗe, ka ji wani wari a nan? Babu! Aikin yaronmu ne, Sakatare. Shi kaɗai ya hau ya buɗe famfo ya kore shi kaf."

Aka tafa mini. Na miƙe, na ɗan rusuna, har da ɗaga hannu. A daidai nan idona ya faɗa kan Injiniya. Ba ni yake kallo ba, gangar yake kallo, bakinsa a buɗe. Ya matso ya yi ƙasa da murya.

"Sakatare, minti nawa ka bar shi a buɗe?"

"Har sai da ya ƙare," na ce, da alfahari.

"Warin nan shi ne gas ɗin."

Kafin in ce uffan an miƙa wa baƙo ashana. Ya ƙyasta ta farko, shiru. Ta biyu, shiru. Ta biyar ta ƙona masa yatsa. Ya juya ya ce, "Engineer, wetin be dis? Na fire I come see abi na matches?" Wato wuta ya zo gani ko ashana? Matan nan masu abinci da suka sha kwalliya suka zo kallo duk suka zuba mini ido, don sun riga sun gane. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Abin da Injiniya ya yi shi ya sa har yau nake yi masa fatan alheri. Bai tona ni da Turanci ba, bai ɗaga murya ba. Ya gaya wa baƙo cewa an saki gas ɗin da safe, ramin kuma yana nan da ransa, in rana ta yi zafi zai tara wani. Sannan ya juya wajen Liman da Hausa.

"Allah gafarta Malam, awa uku nake nema. Za a iya riƙe mini shi?"

Liman ya yi murmushi ya ce, "Awa uku kawai?"

Ranar na ga aikin dattawa. Aka fara gaisuwa ɗaya bayan ɗaya, kowane tsoho sai ya tambayi gajiya da iyali da mutanen Inugu. Liman ya yi addu'a wadda ban taɓa jin mai tsawonta ba, ya roƙa wa gwamnati, ya roƙa wa direba, har motar bai bari ba. Baƙo ya duba agogo, sai ga tsire. Ya sake dubawa, sai ga balangu da fura. Ya yunƙura zai tashi, aka ce ai ba a tafiya ana kiran azahar. Ni kuwa an ɗora mini tafinta, ina yi ina satar kallon gangar, ina roƙon ta a zuci ta tashi ko da taƙi ɗaya ne.

Da muka fito daga salla gangar ta ɗan ɗago. Injiniya ya karɓi ashanar, sai ya miƙo mini.

"Kai ka kore shi, kai za ka dawo da shi."

Na karɓa, na ƙyasta. Wata 'yar shuɗiyar wuta ta zagaye murhun, babu hayaƙi ko kaɗan. Matan suka rangaɗa guɗa. Aka ɗora buta, ta tafasa da kyar, baƙo ya sha shayin kashin shanu ya ce a ƙara masa. A kan murfin motarsa ya sa hannu, kuma da birona, wanda ke rubutun.

An gina wa matan nasu kafin damina ta zagayo. Ni kuma na samu suna, Sakatare Kori-Wari, har jikokina sun ji shi. Tun daga ranar, in ana bayani ban gane ba, sai in ɗaga hannu in ce ban gane ba, ko a gaban wa. Kuma duk famfon da ba ni na ɗaura ba, ko kusa da shi ba na zuwa.