Rasuwar Fatar Ƙofar Inna

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani abu kuma da ya fi baƙin ciki ɗaci, nake sanar da 'yan'uwa, abokai da maƙwabta rasuwar fatar cikin ƙofar motata ta gaba, ɓangaren fasinja. Ta rasu ranar Asabar da hantsi a ƙofar gidana. Ba tsufa ne ya kashe ta ba, kuma ba zan bari a rubuta haka ba. Ta rasu ne a hannun ƙanin maiɗakina, wanda ake kira Injiniya.

Ga wanda bai san marigayiya ba, ba fatar gaske ba ce, kuma ba ta taɓa yin ƙaryar ita fata ce ba. Leda ce mai ruwan ƙasa da aka shimfiɗa a kan kwali, da mariƙi a tsakiyarta. Tare da motar ta zo duniya, motar kuwa ta girmi babban ɗana, wanda yanzu yake taje gemu.

Ta kasance mai haƙuri da rufin asiri. Ta sha rana a bakin ofis shekara da shekaru ba ta kai ƙara ba. Yara sun goge hancinsu a jikinta, manya sun dafa ta da gumi. Duk tsatsa da tarkacen wayoyin da ke cikin ƙofar nan ita ta lulluɓe su, har baƙo ya shiga ya ɗauka motar mutumin kirki ce. Ba ta da yawan magana. In an rufe ƙofa ta ce ɗif. In an faɗa rami ta ce ƙar-ƙar, ta yi shiru.

Amma babban aikinta na Inna ne, mahaifiyata. Gwiwoyin Inna sun gaji, zuciyarta ce ba ta gaji ba. Ba ta yarda kowa ya ɗaga ta, ko ni da ta haifa. Duk ranar asibiti za ta tako da sandarta, ta miƙa hannu ta kama mariƙin nan, ta yi bismillah, marigayiya ta amsa da ƙiiƙ, sai ga Inna a zaune tana gyara mayafi. Haka wajen sauka. Tsakaninsu babu mai shiga.

Jinyar ta fara da ɗan tsagu a ƙarƙashin gilashi, kamar faso a diddige. A hankali ya yi 'ya'ya. Na kai ta wurin mai gyaran kujerun mota, ya duba ya ce in riƙa ajiye mota a inuwa, in ya samu leda mai kalarta zai yi mata sabuwar riga. Ciwo ne da ake rayuwa da shi. Da an ƙyale ta, da yau tana nan.

Sai Injiniya. Ya zo gidana neman aiki na kwana biyu, yanzu shi ke nuna wa baƙi inda buta take. Sunan ma shi ya raɗa wa kansa, tun ranar da ya gyara mana fanka, wadda ba ta sake juyawa ba. Ya ga bidiyon wani a waya yana liƙe irin wannan tsagu, ya zo yana ce mini, "Yaya, wannan ai aikin shan shayi ne." Na ce kada ya taɓa. Na faɗa a gaban yayarsa, na maimaita a gaban abinci, inda na san hankalinsa yake.

Ranar Asabar na tafi aski da ƙafa, na bar makulli a kan ƙusa. Wadda ta miƙa masa ta san kanta, kuma muna kwana a gida ɗaya, don haka zan taƙaita. Abin da ya biyo baya daga bakin maƙwabta na ji. Ya zura sukudireba da wuƙar kicin ya banƙare ta. 'Yan maɓallan robar da ke riƙe da ita suka yi ta karyewa, ƙas, ƙas, har mai shagon da ke kallonmu ya leƙo. Ya kwantar da ita a ƙasa, ya tsiyaya mata gam. Gam ya bushe ya yi tudu. Don ya daidaita tudun, bawan Allah ya jawo wayar wuta ta taga ya ɗora mata dutsen guga. An ce ta ce tsuuu, ita ce maganarta ta ƙarshe. Ledar ta naɗe ta bi dutsen, kwalin ya ƙone, shi kuma garin ɓamɓarowa ya danne mariƙin da gwiwa ya raba shi biyu.

Wari ne ya tare ni tun daga kwanar layinmu. Na tarar da shi tsaye a kan gawa yana fifita, ya dube ni ya ce wai dama ta riga ta mutu daga ciki, shi dai ya tabbatar ne. Yayarsa ta ce niyyarsa alheri ce. Allah Ya raba mu da alherin da ke zuwa da dutsen guga.

Duk wannan da na haɗiye. Abin da ba zan yafe ba ya faru ne ranar asibiti. Na gaya wa Inna, amma hannu ba ya jin labari. Ta miƙa shi inda ta saba, ta kama tsiraicin ƙarfe, ya yanke mata tafi, ta sulale ta zauna a dokin ƙofar mota. A tsakiyar layi, mutane na kallo, na sunkuci mahaifiyata kamar jaririya na sa ta a kujera. Har muka je muka dawo tana kallon waje, hannunta naɗe da gefen mayafi.

Marigayiya ta bar 'yan'uwa mata uku a sauran ƙofofin, dukansu da faso, kuma na haramta a bar su su kaɗai da kowa. Ta bar gilashi a maƙale, bai hau ba bai sauka ba. Ta bar ƙofar da in an rufe take cewa kwangaram. Dutsen guga yana kwance rai a hannun Allah. Na zaga wurin masu tsoffin kayan mota neman magajiya, wadda na samu shuɗiya ce, ta hagu kuma. Mai gyaran kujeru ya yanka falanki ya rufe da baƙar leda mai sheƙi, ya ɗaura sabon mariƙi. Inna ta shafa ta sau ɗaya ta janye hannu, ta ce wannan ba ta san ta ba.

Za a yi jana'iza ranar Lahadi da safe. Mai sayen tsoffin ƙarafa ya ƙi karɓar gawar, ya ce babu abin aunawa a jikinta, don haka za a kai ta juji na bayan gareji. Injiniya ne zai ɗauka, a ka, ta babban titi. Bayan an dawo zai fara aikin da Inna ta yanke masa: duk ranar asibiti zai durƙusa a bakin ƙofa ta dafa kafaɗarsa ta shiga, ta dafa ta fita. Ta ce mariƙi ba ya magana kuma ba ya ba da shawara, ta kuma sanar cewa ta daina yanke farce.

Za a karɓi gaisuwa a gindin motar. Duk mai niyyar cewa ai leda ce kawai, ya yi zamansa a gida. Sauran ku zo da ƙafafunku, domin ba za a mai da kowa gida a mota ba.