Kakan Aro

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da kakata Dada ta tsaya a gaban jama'a ta ƙura wa hoton surukinta ido ba. Duk wanda ya san tsohuwar Bafulatana ya san tun daga nan magana ta lalace. Ni da na karanta tarihi a jami'a, har nake koyar da shi a sakandare, ni ne na ƙarshen ganewa.

Abin ya faro ne lokacin da nake neman auren Safiya. Gidansu a GRA yake a nan Gombe, asalinsu Kanawa 'yan kasuwa, kuma a falonsu akwai hotunan kakanni jere a bango, kowa da rawaninsa. Ran da na fara zuwa gaida gwaggonta, Hajiya Yalwa, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Yaro, ɗan gidan waye kai a garin nan?" Na ce ɗan gidan marigayi Malam Umaru na unguwar Hammadu Kafi. Ta ce, "A'a, can sama nake nufi." Na sosa ƙeya. Can sama ba mu da hoto, ba mu da rawani, magana ɗaya tak muka gada: wai kakan babana, Buba, ya yi aiki da Bature Di'o mai mulkin yankin, ba ya fita rangadi sai da shi. Ita na faɗa mata, na ɗan ƙara mata gishiri. Ta ce "To, madalla," irin madallar da ke hana mutum barci.

A duk danginmu Dada kaɗai ta rage wadda ta ga Buba da idonta, don a gidansa aka kai ta amarya. Amma tambayarta ɓata lokaci ne. Surukinta ne, ba ta faɗar sunansa, ba ta hirarsa. (Yayana da ya ci sunansa, yau yana da furfura, amma "Mai-suna" take ce masa.) In ka matsa mata sai ta ce, "Allah ya ji ƙan mazan jiya," ta tambaye ka ko ka ci abinci.

Sai na ce ai ni ba a yi mini haka, mai ilimi ba ya jiran tsohuwa. Na ɗauki hutu, na hau mota har Kaduna, inda ake ajiye tsofaffin takardun zamanin Turawa. Na yi kwanaki ina kwance fayil-fayil da aka ɗaure da zare, ina atishawa, ina karanta ƙorafin Turawa kan zafi da sauro da masu ɓoye shanu. Har na fara cire rai, sai ga wani hoto a cikin takardun rangadin ƙasar Gombe. Bature na zaune a kujera, mutane tsaye a bayansa, an rubuta sunayensu a ƙasa ba bisa tsari ba. A cikin sunayen akwai Buba.

Jama'a, da kun ga mutumin da ke dama da Baturen! Dogo, fari, ga hanci, ga rawani, ga babbar riga, ga alƙalami a hannu. Na kalli hancinsa, na shafa nawa, na ce shi ke nan, jini ba ya ɓuya. Sauran mutanen ko kallon kirki ban yi musu ba. Na ɗauki hoton da waya, na dawo gida ina tafiya kamar an naɗa ni sarauta.

Don kada a ce ban yi bincike yadda ya kamata ba, na kai wa Dada wayar. Tana zaune a tabarma tana dama fura. Na ce, "Dada, ki duba nan ko za ki ga wani da kika sani." Ta karɓa, ta kai kusa da ido, ta bi fuskokin a hankali. Can sai ta zabura, ta miƙo mini wayar tana kau da kai, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta gyara zama. "Kai, wannan yaro ba ka da ta ido," in ji ta. "Ɗauke, ɗauke." Na fita ina murna, na ce hujja ta cika. Ban tambaye ta wanne ta gani ba. Me zan tambaya, ni da na riga na san amsa?

Da biki ya matso na je unguwar Herwagana wurin Yohanna mai buga allunan talla. Na ce ina son ƙaton hoto wanda zai cika bango, da kalandu na rabawa. Ya buɗe hoton a kwamfuta, ya nuna can gefen hagu, inda wani siririn mutum yake tsaye ba takalmi, da malfa a ka, sanda a kafaɗa, rabin jikinsa ma bai shiga hoton ba, ga kan saniya ya leƙo ta bayansa.

"Oga, wannan fa, a bar shi?"

"Yanke shi," na ce. "Yana ɓata hoton."

Ya yanke shi, ya yanke sauran, aka bar Bature da mai rawani. A ƙasa na sa aka rubuta da manyan baƙaƙe: Malam Buba, na hannun daman Di'o. (Malam ɗin ma ni na ba shi kyauta.)

Ana gobe ɗaurin aure aka yi ranar al'ada a wani ɗakin taro. 'Yan mata sun sha kayan saƙi, an jera ƙwarya da faifai, dangin amarya sun cika gefe guda, Hajiya Yalwa a kujerar gaba. Hoton na bayan kujerar ango da amarya, na sa an lulluɓe shi da farin yadi, don so nake ya zo wa kowa ba zata. Mai gabatarwa ya ba ni abin magana, na tashi na yi jawabi kan asali da muhimmancin bincike. Har na ce al'ummar da ta manta kakanninta ta ɓata. Wallahi na faɗi haka, akwai bidiyo. Sannan na roƙi Dada ta taso ta yaye yadin da hannunta.

Aka riƙo ta a hankali har gaban hoton. Tun kafin ta ƙaraso ta ja mayafi ta sunkuyar da kai, don an gaya mata wanda ke ciki. Ta ja yadin, ya faɗi, aka ɗau tafi, mata suka rangaɗa guɗa. Na saci kallon Hajiya Yalwa, na ga tana gyaɗa kai. Daɗi ya kashe ni.

Sai Dada ta ɗan leƙa ta gefen mayafi. Ta sake leƙawa. Sannan ta saki mayafin gaba ɗaya, ta ɗaga kai, ta matsa kusa, ta sa hannu a ƙugu, ta tsaya tana kallon mai rawanin ido cikin ido. Tsofaffin danginmu da ke zaune a gaba suka daina tafi. Na ji wata gwaggona ta ce, "Inna lillahi." Ni kuwa ina tsaye ina murmushi, abin magana a hannuna, kusa da bakin Dada.

"Wannan ai Sambo ne," in ji ta, kuma duk ɗakin ya ji. "Sambo malamin jangali. Me ya kawo shi bikin jikana?"

Na ce, "Dada, kakanmu ne, ki duba da kyau."

"Kakan wa? Mutumin da yake ƙirga saniya har da ɗan da ke cikinta? Shi ya sa aka sayar da saniyar sadakina, ina amarya ko lalle bai goge ba!" Ta juyo gare ni. "Ina Baffanmu? Ran nan na gan shi a wayarka, yana can gefe da sandarsa da saniyar Bature. Shi yake kiwonta, shi yake tatsa, Baturen ba ya shan nonon kowa sai nasa. Ina ka kai shi?"

Na yi maza na sauke abin maganar. Da ƙasa za ta tsage da na shige, in ja ta in rufe. Wani daga baya ya kasa riƙe dariya, sai ta kama ko'ina. Safiya ta cusa fuska a mayafi, kafaɗunta na rawa (har yau ta ce kuka take yi, ni ban yarda ba). Ga kalandu an riga an raba, kowa na riƙe da malamin jangali a cinya. Mai gabatarwa ya yi wa makaɗa alama su ceci rai.

Amma ba dariyar ce ta fi ƙona ni ba. Da aka mayar da Dada kujerarta na durƙusa a gabanta, sai na ga idonta ya cika da ƙwalla. Ta ce a hankali, "Tun da aka binne shi ban ƙara ganin fuskarsa ba sai ran nan, kuma kunya ta hana ni kallo. Na ce yau in an sa shi babba, zan saci kallo ta ƙasan mayafi. Ashe kai ma kunyarsa kake ji, amma irin taka daban." Na ji maganar nan har cikin ƙashina, kuma har yanzu in na tuna sai na ji ta.

Na kwana da tunanin an fasa auren. Ba a fasa ba. Washegari Hajiya Yalwa ta aiko a gaya mini cewa masu rawanin da ke bangonsu, na farkonsu da jaki ya shigo Gombe yana tallan goro, kuma ita dangin da ke da tsohuwa mai faɗar gaskiya irin wannan sun yi mata. Sai dai ba ta bar ni haka ba. Duk ran da na je gaishe ta sai ta ce, "Sannu da zuwa, jikan jangali."

Bayan biki na koma wurin Yohanna, kaina a ƙasa, na ce ya fito mini da na gefen nan shi kaɗai. Murmushi kawai ya yi. Hoton ya fito dishi-dishi, rabin mutum da kan saniya. Shi ne yanzu a bangon falona. Ran da Dada ta fara zuwa ta cire takalmi tun daga ƙofa, ta ja mayafi, ta zauna a ƙasa ta ba hoton baya. Na fita na ba ta wuri, na leƙo ta taga, na gan ta ta juyo tana kallonsa.

Ni dai na koyi darasina. In ka tashi neman kakanka, kada ka bi hanci da rawani. Ka duba inda kakarka ta kasa ɗaga ido, kuma don Allah ka tambaye ta wanne ne kafin ka buga kalanda.