Shugaba Bisa Amalanke

Shekarar da na gama karatun yaƙi da jahilci, zamanin soja, majo, babban ma'aikacin jinya a likitar Filinge, ya ɗora ni kan matan unguwarmu masu tansiyo, wato hawan jini. Ya ce mu rage gishiri, mu riƙa taka ƙasa rabin awa kowace safiya.

Na ce rabin awa aikin raggaye ne. Na ja su hanyar Bonkuku. Ni da na koyi lamba da furfura a kaina, ba dutsen kilomita da zan wuce ban karanta masu shi da ƙarfi ba. A dutse na biyu Inna Hajo, wadda ta girme mu duka, ta tsaya.

"Ɗiyata, mu koma. Gida bai biyo mu ba."

"Inna, in kin gaji ki ce kin gaji."

Sunka juya, na yi gaba ni kaɗai, har da kaɗa hannu. A dutse na shida ƙafafuna sunka ƙi ni. Sai lokacin na tuna duk abin da na taka sai na sake taka shi.

Wani mai amalanken jaki ya ɗauko ni bisa kara. Ranar kasuwa ce, kuma ta tsakiyarta ya bi. Inna Hajo na zaune tana saida kuka, ko haki ba ta yi. Ta dube ni, ta dubi jakin.

"Shugaba, ke majo ya ce ki taka, ko shi?"

Har yau muna fita, rabin awa cif. Amma da amalanke ya gitta sai su tsaya cak, su ce, "Shugaba, ga motarki, a tsaida maki?"