Ranar da Na Kashe wa Kwamfuta Esi

Ina gadi a ofishin masu fiton kaya a iyakar Jibiya. Akwai ɗakin da ba kowa sai akwatunan kwamfuta, esi biyu na hura musu sanyi, mu 'yan Adam muna gasuwa a waje. Na ce wannan almubazzaranci ne. Na kashe esin, na buɗe taga, har da yi wa direbobin Maraɗi wa'azin tattalin wuta.

Kafin la'asar akwatunan suka yi zafi suka ɗauke. Takardar fiton kaya ta ƙi fita daga kwamfuta, motocin albasa suka jeru cikin rana. Manaja ya ɗora hannu a ka: "Baba, wa ya aike ka?"

Da ƙyar aikina ya tsira. Har yau in na share gumi, sai direbobi su ce, "Injiniya, a buɗe maka taga?"