Ranar Da Na Gyara Wa Kwamfuta Agogo

Da na ga 'ya'yan dara suna tsalle a fuskar kwamfuta kamar an watsa wa kaji tsaba, sai na san na tafka ɓarna.

Satina uku da fara buga takardu a ofishin wani injiniya a Tudun Wada. Kwamfutarsa tana buga darar Turawa da wata kwamfutar a Ingila ta layin tarho, layin da ya yi wata biyu yana fama da yankewarsa. Ranar ake gasa. Zai tafi masallacin Juma'a ya ce, "Ƙanwata, kallo kawai."

Ni kuwa mai takardar sakandare, sai na lura agogonta yana baya da awa ɗaya cur. Injiniya guda, agogo ya gagare shi! Na duba na hannuna, na gyara mata, har ina jinjina wa kaina.

Ashe da gangan ya saita shi da lokacin can. Kwamfutar, baiwar Allah, ta ɗauka lokacinta ya ƙare, ta shiga jefa 'ya'ya ba tunani. Ta ba da doki, ta ba da sarauniya, ina roƙonta da Hausa tana yi.

Ƙarfe uku ya dawo ya tarar na haɗa jakata, ina jiran kora. Ya daɗe yana duba kwamfutar, sannan ya fashe da dariya.

"Ajiye jakar. Layin ya yanke kafin a cinye mu, an soke wasan."

Tun ranar, direban ofishinmu in ya shigo sai ya rusuna: "Ranki ya daɗe, ƙarfe nawa a Landan?"